Sabon keke da ciwon ƙafar da ya kai ni ga yin sallah a zaune

A wata asubar Laraba cikin watan Fabrairun 2024, liman ya ɗago daga sujada ya miƙe zuwa raka'a ta biyu, sahu gaba ɗaya ya miƙe tare da shi, ni kuwa na yunƙura sau biyu cinyoyina suka ƙi ɗaukata. Sai da na dafa ƙasa da hannu biyu, na jingina kafaɗa da bango, sannan na samu na tsaya, kuma ko da na tsaya ɗin gwiwoyina rawa suke yi. Bayan an sallame, dattijon da ke gefena, wanda ya ba ni fiye da shekara ashirin, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Jiya ma na lura da tashinka." Na ce masa gajiya ce. Daga azahar ɗin wannan rana na koma yin sallah a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, ina da shekara 44 a duniya, kuma sai da na yi kimanin mako biyu a haka. Ban faɗi ba, ban yi haɗari ba, ba a kuma same ni da wata cuta ba. Keke na canza.

Ni malamin makarantar firamare ne, ina zaune a Birnin Kebbi, ina koyarwa a wani ƙauye da ke bayan fadama, ta hanyar da ta gangara daga Dukku. Tsakanin ƙofar gidana da ƙofar makaranta kilomita 11 ne. Shekara da shekaru a babur nake zuwa, har ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500. Na zauna da biro da takarda na yi lissafi, na ga cewa idan na ci gaba da hawa babur kullum, kuɗin mai na wata zai cinye cefanen gidana na mako guda, don haka na jingine shi a zaure na sauko da keken mahaifina daga inda aka rataye shi tun rasuwarsa.

Baƙin Raleigh ne, wanda mutanenmu ke kira Rali, mai taya inci 28 da birkin ƙarfe da sirdin fata, ba shi da giya ko ɗaya ta canzawa. A kansa marigayi ya yi ta cin kasuwannin Kalgo da Jega, a kansa kuma na koyi keke ina yaro, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ban kai sirdi ba. Na tura shi wajen wani tsohon mai gyara da ke zama a gindin dogon yaro a bakin unguwarmu, wanda shi ne ma yake yi wa mahaifina gyara. Ya canza tayoyi da robar birki, ya wanke sarƙa ya sa mata mai, amma bai taɓa sirdi ba, domin notinsa ya yi tsatsa ya kafe, kuma da ya dube ni ya ce ai tsawona ɗaya da na marigayi. A makon farko cinyoyina sun yi tsami, na yi kwana huɗu ko biyar ina tafiya a hankali, sai abin ya wuce. Daga nan na yi wata bakwai ina yin kilomita 22 a kowace ranar aiki, cikin damina da kaka, ba tare da ƙafata ta ce mini komai ba.

Aibin Rali guda ne, nauyi. Da safe gangara nake yi, amma idan an tashi makaranta da rana tsaka dole in hau tudun nan, kuma kusan kullum sai na sauka na tura shi ina haki. Wannan ne ya sa da na kwashi adashe a watan Janairun 2024 na je kasuwa na sayi keken gwanjo mai giya 21, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, mai taya inci 26, mara nauyi, wanda zan iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Saurayin da ya sayar mini ya ce in hau ya gani. Da na zauna, yatsuna kawai ke taɓa ƙasa, sai ya ce, "A'a Malam, wannan ya yi maka tsawo. Ƙafa biyu ake so su zauna daram a ƙasa, don in mota ta matse ka ka samu ka tsaya." Ya kwance noti ya danna sirdin ƙasa, har sai da tafin ƙafafuna biyu suka shimfiɗu. Maganar ta shige ni, domin haka zaman babur yake, kuma har yau ban riƙe yaron a zuciya ba, tunda abin da kowa ke faɗa a kasuwa shi ne ya faɗa mini.

Sauran kuskuren nawa ne ni kaɗai. Da na gwada giyoyi masu sauƙi sai na ji ƙafata tana juyawa kamar a iska, na ɗauka wannan wasan yara ne, na mayar da shi kan giya mafi nauyi na bar shi a nan, a gangara da a tudu duka. Tudun da a da nake sauka in tura, yanzu sai na riƙa hawansa a zaune, ina danna feda da dukkan ƙarfina, ina jin daɗin cewa na daina sauka. Murnar sabon abu kuma ta sa a Asabar ta farko na je Kalgo na dawo ba don wata buƙata ba. Ashe abubuwa uku na ɗora wa ƙafafuna a mako guda, gajeren sirdi da giya mai nauyi da ƙarin nisa.

Tsamin ya fara a rana ta biyu, na ce irin na bara ne, zai wuce. Mako ya zagayo bai wuce ba, sai ma ya sauko daga tsokar gaban cinya ya taru a kewayen ƙoƙon gwiwa. Tsugunawa don alwala ta zama aiki, saukowa daga dakalin aji ta fi hawansa ciwo, kuma idan na daɗe a zaune ina duba littattafan yara, tashi na farko sai na riƙe tebur. Da dare kuma sha-raɓata takan ɗaure ta yi tauri kamar dutse, in farka ina salati ina murza ta. Maiɗakina ce ta fara faɗin gaskiya. Wani dare tana gasa mini cinya da tsumma da ruwan zafi ta ce, "Malam, ni fa tun ranar da keken nan ya shigo gidan nan ban ƙara ganin tafiyarka daidai ba." Na ce mata ba ta san keke ba, wannan ya fi Rali sauƙi nesa ba kusa ba, ta yaya abu mai sauƙi zai kawo ciwon da mai nauyi bai kawo ba? Ta yi shiru ta ci gaba da gashinta.

Lokacin hunturu ne, ga shi ina ratsa fadama da sassafe, don haka duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce sanyi ne ya shige ni. Mahaifiyata ta sa aka kira wanzami ya yi mini ƙaho a cinyoyi biyu. Na shafa man zafi har fatata ta fara saɓa. Daga ƙarshe na je kyamis aka ba ni ƙwayar kashe ciwo mai suna diclofenac, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi damuna idan na tuna. Ƙwayar tana aiki, ba ta ƙarya. Nakan sha ta da asuba, sau da yawa ban ci komai ba, kafin ƙarfe bakwai ciwon ya kwanta, in hau keke in yi kilomita 22 ɗina a kan sirdin nan da giyar nan, da yamma ciwon ya dawo fiye da jiya, in ƙara wata. Kusan mako uku na yi a haka, ina kashe muryar da ke gaya mini in tsaya, har cikina ya fara zafi da tsakar dare, har kuma aka kai ga asubar da na kasa tashi a sahu.

Kwana biyu bayan nan na je asibiti. Likitan da ya duba ni ya matsa sha-raɓata ɗaya bayan ɗaya, ya gwada su da juna, ya tambaye ni ko ɗaya ta taɓa kumbura ita kaɗai ta yi zafi, ko fitsarina ya taɓa yin duhu kamar baƙin shayi, ko ina jin ciwon yana tasowa daga baya yana saukowa da dindiris har yatsu, ko gwiwar ta taɓa tara ruwa ko ta sarƙe ta ƙi miƙewa. Duk na ce a'a. Ya ce ya tambaya ne domin waɗannan ba a zama da su a gida: kumburin sha-raɓa ɗaya na iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, baƙin fitsari bayan aikin ƙarfi kuma na iya nuna tsoka ta lalace har tana cutar da ƙoda. Da na nuna masa ƙwayar da nake sha, ya ce in daina a ranar, ya bayyana mini cewa irin wannan magani yana iya jawo gyambon ciki, yana kuma wahalar da ƙoda, musamman ga mutumin da ke zufa da yawa bai shan ruwa sosai. Ya rubuta mini maganin cikin, ya tura ni sashen gashin ƙashi.

Wanda na samu a can matashi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba. Ya sa na kwanta, ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya danna nan ya danna can, sannan ya zauna ya ce, "Malam, me ka canza a rayuwarka cikin wata guda da ya wuce? Takalmi, wurin kwana, aiki, abin hawa?" Na fara cewa babu, sai na tsaya na ce, sai dai keke. Ya tambaya ina keken yake, na ce yana waje, domin a kansa na zo. Ya tashi muka fita tare, ya riƙe kan keken ya ce in hau in juya feda da baya. Ban yi zagaye uku ba ya ce ya isa. Ya ce in dubi gwiwata da kaina: idan feda ta hau sama gwiwar tana tasowa har ta wuce ƙuguna, idan kuma ta sauka can ƙasa ƙafar ba ta miƙewa, tana nan a lanƙwashe kamar ta wanda ke zaune a kujera 'yar tsugunno.

Bayanin da ya yi mini a tsaye a harabar asibitin ban manta da shi ba. Ya ce tsamin da na yi bara na al'ada ne: duk tsokar da aka sa ta aikin da ba ta saba ba takan samu ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani, ciwon ya fara bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya baje cikin mako guda, tsokar kuma ta fito da ƙarfi fiye da da. Ciwon da ya haura mako yana ƙaruwa, ya kuma tare a wuri ɗaya, wannan wani abu ne daban, alama ce cewa ana maimaita wani motsi ba daidai ba. Tsokokin gaban cinya guda huɗu ne, dukkansu sun haɗu sun bi ta kan ƙoƙon gwiwa, kuma gwargwadon yadda gwiwa ta lanƙwashe lokacin da ake danna feda, gwargwadon yadda ƙoƙon ke matsuwa a kan ƙashin da ke bayansa. Gajeren sirdi yana hana ƙafa miƙewa, ya bar wa gaban cinya kusan dukkan aikin, tsokar mazaunai da ta bayan cinya ba su samun damar taimakawa sosai. Ya ce in lissafa sau nawa ƙafata ke zagayawa a kilomita 22, in gane cewa kuskure ƙarami ne ake maimaitawa sau dubbai a rana.

Muka koma ciki ya sa na cire takalmi na tsaya jikin bango, ya sa littafi a tsakanin ƙafafuna ya ɗaga shi kamar sirdi, ya auna daga saman littafin zuwa ƙasa, aka samu santimita 82. Ya ninka da 0.883, lissafin da ya ce ana danganta shi da Greg LeMond, ɗan Amurkan da ya ci tseren keke na Faransa sau uku, sai ya ba da 72 da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne nisan da ya kamata a samu daga tsakiyar inda fedoji ke juyawa zuwa saman sirdi, ko da yake ya ce mafari ne kawai, jiki ne zai ƙarasa gyaran. Ya ce abin da ake nema shi ne idan feda ta kai ƙasa gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa kaɗan, kamar digiri 25 zuwa 35. Muka auna sabon kekena, santimita 65.

Da na isa gida ban ko zauna ba na karɓi tef ɗin ɗinkin maiɗakina na shiga zaure inda Rali yake jingine, ƙura ta fara rufe shi. Na ɗora bakin tef ɗin a tsakiyar inda fedoji ke juyawa na ja shi zuwa saman tsohuwar fatar da zaman mahaifina ya lotsa. Santimita 72 cif. Na daɗe a tsugune a wurin duk da ciwon gwiwar, ina tuna shi, mutumin da bai taɓa riƙe tef don keke ba, amma ya bar mini sirdi a daidai inda matashin asibiti ya lissafa. Na fito na gaya wa maiɗakina cewa ita ce da gaskiya tun farko.

An ce in ajiye keke mako biyu, in riƙa tafiya da ƙafa a fili ba tudu, in riƙa miƙar da tsokar cinya da ta sha-raɓa a hankali safe da yamma, in kuma yi wasu motsa jiki na ƙarfafa ƙugu. Na koma babur na waɗannan kwanaki duk da tsadar mai. Kafin makonni biyun su cika na ajiye kujerar roba, na kai goshina ƙasa tare da jama'a, kuma wanda bai taɓa rasa sujada ba ba zai gane abin da na ji a wannan magariba ba.

Sai dai na sake yin wani kuskuren. An gargaɗe ni cewa in ɗaga sirdin kaɗan-kaɗan, in ba jiki kwanaki ya saba kafin in ƙara, amma tsoron gajeren sirdi ya sa na ga kamar gara ya yi yawa da ya gaza, na ɗaga shi lokaci guda zuwa 76. Cikin kwana uku ciwon ya sauya gida, ya koma bayan gwiwa da agara, domin yanzu ƙafata miƙa take yi tana neman feda da yatsu. Tsohon mai gyaran nan ne ya hango ni ina wucewa ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗan marigayi, zo nan. Wa ya ɗaga maka sirdin nan? Tun daga nesa nake ganin ƙugunka yana rangaji dama da hagu." Na ba shi labarin asibiti da lissafi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi bai san lissafi ba, amma in hau. Ya riƙe keken, ya juya feda ta kai can ƙasa, ya ce in ɗora dunduniyata a kanta. Dunduniyar ba ta kai ba sai da na karkata. Ya riƙa sauke sirdin da sifana kaɗan-kaɗan har dunduniyar ta zauna a kan feda ƙafar tana miƙe sak ba tare da na karkata ba, sai ya ce, "To yanzu mayar da gaban ƙafarka, nan gindin babban yatsa, ka ga gwiwar ta ɗan saki? Haka ubanka yake hawa." Ya ɗaure noti, ya ɗauki ƙusa ya ja layi a jikin ƙarfen sirdin don in ya zame in gane, ya kuma nuna mini wani zane da masu ƙera keken suka yi a ƙasan ƙarfen, ya ce kada in taɓa fito da shi ya wuce nan, karyewa zai yi. Da na auna a gida, 72 da rabi na samu.

Shi ne kuma ya warware mini maganar saurayin kasuwa. Ya ce keke ba babur ba ne, ba a tsayawa a kan sirdi. Idan za a tsaya sai a zame gaba a sauke ƙafa ɗaya, kuma daga kan sirdi yatsu kawai ya kamata su taɓa ƙasa. Ya dubi giyata ya girgiza kai ya ce ba don ado aka yi sauran ashirin ɗin ba, ya koya mini in sauya zuwa mai sauƙi kafin in shiga tudu, ba sai na kafe a tsakiyarsa ba. Matashin asibiti ya riga ya ce mini zagaye 70 zuwa 90 a minti ya fi wa gwiwa sauƙi, kuma da na ƙirga nawa a tsohuwar giyar ban kai 50 ba. Na kuma daina hawa da silifa, na koma takalmi mai taurin ƙasa.

Azumin wannan shekara ya kama ranar 11 ga Maris, zafin Kebbi kuma ya riga ya fara, irin wanda ke haura digiri 40 da rana. Na raba mako, wasu ranaku keke wasu babur, na riƙa shan ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma ɗaurewar sha-raɓa da dare ta ragu har ta daina. Tarawih ɗin farko da ɗan nauyi a gwiwar dama na yi ta, amma a tsaye, kafin goman ƙarshe kuwa na yi tahajjud ban nemi abin dafawa ba. Tudun Dukku yanzu a giya mai sauƙi nake hawansa, a hankali, ƙafa tana juyawa, in kai sama da sauran numfashina.

Tun daga lokacin sifana ba ta barin jakata. Malamai uku a makarantarmu sun koma keke, biyu daga cikinsu na tarar da sirdinsu a danne ƙasa kamar yadda aka yi mini, ɗaya har ya fara sayen ƙwaya a kyamis. A bakin ofishin shugaban makaranta na sa kowannensu ya ɗora dunduniya a feda, na ɗaga musu kaɗan, na ce mu ƙara bayan kwana uku. Wanda ke shan ƙwayar kuwa sai da na raka shi asibiti da kaina, domin gwiwarsa ta fara kumburi.

Rali yanzu yana hannun babban ɗana, wanda ya shiga sakandare, amma ƙafarsa ba ta kai ta kakansa ba tukuna. Muka kai shi gindin dogon yaro, tsohon ya jiƙa notin nan da kananzir ya bar shi ya kwana, washegari ya kwance da ƙyar. Kafin ya sauke sirdin na karɓi ƙusarsa na ja layi mai zurfi a daidai inda mahaifina ya bar shi, sannan na riƙe kan keken na ce wa yaron ya hau ya ɗora dunduniyarsa.